Sa Barcin Tiyata ga Jariri Mai Toshewar Hanyar Numfashi

Sa wa jariri maganin barci alhali hanyar numfashinsa a ƙuntace take yana daga cikin ayyuka mafi haɗari a ɗakin tiyata. Harshen jariri babba ne idan aka kwatanta da bakinsa, ƙeyarsa ta fito, don haka da ya kwanta rigingine sai wuyan ya lanƙwashe. Jikinsa kuma na cin iskar oksijin ninki biyu na babban mutum a kowane kilo, ga huhu ƙarami da ba ya ajiya. Numfashi na tsayawa, cikin daƙiƙu leɓɓa sun canza launi, bugun zuciya ya ragu.

Misalin da aka fi sani shi ne lalurar da likitan Faransa Pierre Robin ya bayyana a 1923: ƙaramar haɓa, harshe mai faɗawa baya ya rufe maƙogwaro, sau da yawa har da tsagar ganɗa. Irin wannan jariri ana jin munsharinsa daga nesa, ƙirjinsa na lotsawa a kowace shaƙa, amma in an kwantar da shi ruf da ciki yakan samu sauƙi.

Ƙa'idar likitocin sa barci a nan ita ce kada a ɗauke wa jaririn numfashin kansa sai an tabbatar za a iya hura masa iska. Shi ya sa ake fara masa da iskar sa barci mai suna sevoflurane ta abin rufe hanci da baki, a hankali, a tura muƙamuƙi gaba da yatsu, a jinkirta maganin sake tsoka, wanda ke tsayar da numfashi. Idan harshe ya tare, a zura ɗan bututu mai laushi ta hanci, ko a sa na'urar LMA, wani bututu da ake zurawa ta baki ya zauna a ƙofar maƙoshi, wanda likita Archie Brain ya ƙirƙiro a Ingila. Ta cikinta akan bi da siririyar kyamara har a kai bututun numfashi, mai faɗin milimita 3 ko 3.5, cikin maƙoshi. Likitan kunne, hanci da maƙogwaro na tsaye kusa, ko da za a huda wuya a buɗe wa iska hanya.

Yawan gwajin zura bututun kansa illa ne, don yana kumbura hanyar numfashi, kuma wannan ne ya fi cancantar tsoro. Kumburin milimita 1 a hanyar da faɗinta milimita 4 ne yana cinye kashi 75 cikin ɗari na mashigar iska. Bayan aiki ba a cire bututun sai jaririn ya farka sosai yana motsi da ƙarfinsa, sannan a ci gaba da sa masa ido a sashen kulawa ta musamman.