Girafil: ƙarfen da ke damƙar dilar ciyawa ya ɗora ta a tirela

Muna dawowa daga kasuwar Kara da harawar da muka saya wa raguna, ɗan ƙanwata ya miƙo mini waya ya ce, "Kawu, wanga abu mi as sunanai?" Bidiyo ne na wata gona a Turai. Tarakta ta tunkari dilolin ciyawa da aka jera a ƙasa, wani ƙarfe a gabanta ya sauko kamar shaho, ya cafe guda goma lokaci ɗaya, ya kai su bisa tirela ya dire. Ba a yi rabin minti ba.

Sunan wannan ƙarfe girafil. Kalmar Ingilishi ce da ke nufin kamawa da ƙugiya ko da farce, masu sayar da kayan noma kuma haka suke kiran sa. Ni na fi son a ce madamƙi, domin aikinsa ke nan, damƙa. Ba inji ne mai zaman kansa ba, maƙala shi ake yi a bakin hannuwan loda da ke gaban tarakta, inda aka saba ganin bokitin kwasar ƙasa. A cire bokiti, a sa madamƙi, a jona masa tiyo biyu na man haidurolik. Idan direba ya tura liba, mai ya shiga silinda da ƙarfi, farata su rufe. Ya janyo ta, su buɗe. Lodar da ba ta da layin mai na uku, wato wanda ake jona wa madamƙi, tana iya ɗagawa da karkatawa, amma ba ta iya buɗewa da rufewa, sai an ƙara mata bawul. Duk mai shirin saye ya fara duba wannan tun kafin ya taya.

Ba a gane amfanin madamƙi sai an gane dila. Mun san dilar gwanjo, wadda ake danne tufafi a ɗaure su tamau. Haka injin ɗaure ciyawa yake yi: ya bi layin ingiricin da ya bushe, ya kwashe, ya danne, ya ɗaure da igiya, ya yar a baya. Kamfanin New Holland na Amurka ya fara sayar da irin mai ɗaure da kansa a 1940. Ƙananan diloli masu kusurwa huɗu yake fitarwa, kowace kamar kilo 20 zuwa 25, wadda namiji ɗaya zai saɓa. A farkon shekarun 1970 kamfanin Vermeer ya yaɗa injin da ke naɗe ciyawa kamar tabarma ya fitar da ƙatuwar dila mai siffar ganga. Ita wannan takan kai kilo 250, wata ta haura 500. Daga nan zancen ɗauka da hannu ya ƙare, dole ƙarfe ya shigo.

Shi ya sa madamƙin ma ba iri ɗaya ba ne. Wanda yaron ya nuna mini na ƙananan diloli ne: firam shimfiɗaɗɗe mai layukan ƙugiyoyi a ƙarƙashinsa. Akwai wani abin da ake ja a bayan injin ɗauri, yana tara diloli takwas ko goma ya ajiye su a jere, sai madamƙi ya kwanta a kansu, ƙugiyoyi su nutse, a ɗaga su kamar faifai ɗaya. Na manyan diloli kuwa hannuwa biyu gare shi masu rungumar dila ta gefe. Idan ɗanyar ciyawa ce da aka naɗe da leda domin ta tsimu, hannuwan masu santsi ake sawa, saboda huji ɗaya ya isa iska ta shiga ta ruɓar da ita. Akwai kuma mashi, dogon tsinken ƙarfe da ake sokawa a tsakiyar dila. Ya fi araha, amma sokewa yake yi ba damƙa ba, bai kamata a kira shi girafil ba.

Wurin lodi ne ake gane direba. Tirela a tsayar da ita inda ƙasa take daidai, a sa mata waigi. Dila kuma kusa da ƙasa ake tafiya da ita, sai an iso bakin tirela a ɗaga. Wanda ya ɗaga kilo 400 sama yana yawo a gonar da ke da kunya, kifewa yake nema, domin nauyin ya koma sama kuma ya koma gaba. Don haka ake rataya nauyi a bayan tarakta, tayoyin baya su kama ƙasa. A ɗora a dama, a ɗora a hagu, kada gefe ɗaya ya cika ɗaya yana fanko, mafi nauyi kuma ya zauna saitin tayoyi. Ƙananan diloli ana saɓa jerinsu kamar yadda magini yake saɓa bulo, sannan a ɗaure kowane layi a ja igiya ta yi tsam. Abin da ba na wasa da shi shi ne tsayuwar mutum ƙarƙashin dilar da ke sama. Tiyo yana fashewa ba sallama. An kuma sha samun wanda ya ɗaga dila mai ganga da bokiti zalla, ta gangaro ta kan hannuwan loda ta faɗo masa a kujera. Madamƙi na hana wannan, tunda riƙe ta yake yi.

To, mu nan Sakkwato fa? Bukata dai akwai ta. Ruwanmu daga Yuni zuwa Satumba ne, sauran watanni shanun Gudali da tumakin Uda da jajayen awakinmu busasshen abinci suke ci. Harawar wake da ta gyaɗa da ake samu da sauƙi da kaka, idan bazara ta kama ko layya ta matso sai mai hali. A fadamun Rima, wajen Wurno da Goronyo, bambaron shinkafa yana taruwa bayan girbi, wani a bar shi dabbobi su tattake, wani a cinna masa wuta don a share gona. Duk lokacin da na ga hayaƙin nan raina yana ɓaci, abincin saniya ne yake tashi sama. Abin da ke kashe kasuwarsa girma ne ba nauyi: mota ta cika har ta yi tozo, amma kayan da ke ciki bai biya kuɗin mai ba. Dannewa ce maganin wannan.

Sai dai madamƙi shi ne ƙarshen layi, ba farkonsa ba. Damin harawar da muke naɗewa da hannu, wani babba wani ƙarami, ƙugiya ba za ta riƙe shi ba, wargaza shi za ta yi. Kuma harawa ganye ce, idan ta bushe ƙarau a hunturu ko taɓa ta aka yi da ƙarfi ganyen zubewa yake, a bar ka da kara. Wanda ya fara sayen madamƙi bai da injin ɗauri ya sayi linzami ba doki. Ko an sami injin ma, sai ciyawa ta bushe sosai ake ɗaure ta, don danshin da ya haura kashi 20 cikin 100 yana kawo fumfuna, wani lokaci dila ta yi zafi daga ciki har ta kama wuta a rumbu.

Ɗan ƙanwata ya ce, "To Kawu, 'yan lodi hwa?" Tambaya ce ta gaskiya, na kuma ce masa mai ragunan layya biyar ba shi da haɗi da wannan ƙarfe, amalanke da majiya ƙarfi biyu sun ishe shi. Inda nake ganin zai yi aiki shi ne manyan gonakin kiwo da ƙungiyoyin manoman shinkafa, su haɗa kuɗi su sayi injin ɗauri da madamƙi ɗaya, su riƙa bayarwa haya gona zuwa gona yadda ake bayar da tarakta lokacin huɗa. A nan za a bukaci direba, da makaniken da ya san haidurolik, da masu ɗaure kaya a tirela, da masu saukewa a Achida ko Illela idan babu tarakta a wurin.