Zarce ƙima da haɗa ƙwayoyi: haɗarin magunguna masu takunkumi

Magunguna masu takunkumi sune waɗanda doka bata yarda a saya ko a sayar haka kawai ba sai da takardar likita, wasu ma an haramta su gaba ɗaya, saboda suna taɓa ƙwaƙwalwa kuma suna kama jiki har mutum ya kasa rabuwa dasu. Dokokin yawancin ƙasashe sun samo asali ne daga yarjejeniyoyi uku na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta 1961 akan irinsu mofin, heroyin, hodar iblis da wiwi, ta 1971 akan masu juya tunani irin amfetamin da magungunan barci, sai ta 1988 akan fataucinsu. Tiramadol baya cikin wannan jerin na duniya, ƙasashe ne da kansu suke sa masa takunkumi.

Ba wai dukansu mugaye bane. Mai ciwon daji da zafi ya hana shi runtsawa mofin rahama ce a gare shi, diazefam kuma shi ake ba yaron da jijjiga taƙi tsayawa. Matsalar itace tsakanin abinda zai yi magani da abinda zai yi kisa ba nisa sosai, musamman in an haɗa biyu ko uku.

Yadda numfashi ke tsayawa

Mafi yawan mutuwar zarce ƙima (shan ƙwaya fiye da abinda jiki zai iya ɗauka) daga dangin ofiyom take zuwa, wato kodin, tiramadol, mofin, heroyin, metadon da fentanil. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 600,000 ne suka mutu ta dalilin shaye-shayen ƙwayoyi a 2019, kusan kashi 80 cikin 100 nada alaƙa da wannan dangin, kuma wajen 125,000 zarce ƙima ne kai tsaye ya kashe su. A Amurka kaɗai mutuwar zarce ƙima ta haura 100,000 a 2021, haka ma a 2022.

A gindin ƙwaƙwalwa akwai wurin dake lura da numfashi ko mutum na barci, in gurɓatacciyar iska ta taru a jini shi zai ce ma huhu ja numfashi. Toh waɗannan magungunan wannan wurin suke dannewa. Babba lafiyayye yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, amma wanda ƙwaya ta yi masa yawa sai abin ya riƙa raguwa, ya ja ɗaya yayi shiru ya daɗe kafin ya sake jan wani, munsharinsa yayi nauyi da gurnani a maƙogwaro, leɓe da farce su dushe su koma ruwan toka ko shuɗi-shuɗi, jiki yayi sanyi da danshi, in aka buɗe idonsa ɗan baƙin dake tsakiya ya tsuke kamar kan allura, a kira sunansa a girgiza shi ko motsi. Abin takaici anan shine duk wannan kama da barci yake, shi yasa sau da yawa waɗanda ke wurin suke cewa a barshi ya huta zai wartsake, alhali mintuna kaɗan ƙwaƙwalwa ke iya yi ba iska kafin ta fara lalacewa. Kuma ba lallai ya faru nan take ba, yakan ɗauki sa'o'i bayan an sha, wato akwai lokacin ceto, rashin sani ne ke cinye shi.

Haɗin dake kisa

Haɗin da yafi kowane muni shine dangin ofiyom da magungunan barci ko kwantar da hankali na rukunin benzodiazefin, irin diazefam da aka fi sani da Valium da kuma Rohypnol. Su kaɗai ba kasafai suke tsayar da numfashin mai lafiya ba, amma in suka haɗu da kodin ko tiramadol sai kowanne ya ƙara ma ɗan uwansa ƙarfi. A 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta tilasta a sa gargaɗi mafi tsanani a takardar magungunan biyu saboda haka, a 2019 kuma ta ja kunne akan firegabalin da gabafentin, magungunan ciwon jijiya da farfaɗiya, cewa suma suna danne numfashi. Giya ma a layi ɗaya take, haka wasu magungunan mura da ƙaiƙayi masu sa barci. Mutum bai ma buƙatar ya zama ɗan ƙwaya kafin wannan ya same shi, tsoho mai ciwon baya da likita ɗaya ya bashi maganin zafi wani kuma ya bashi na barci ba tare da ɗaya yasan da ɗayan ba yana cikin haɗarin, balle in yana da ciwon huhu, ƙoda ko hanta.

Tiramadol, wanda ya fara shiga kasuwa a Jamus a 1977, yanada nasa na daban. Iyakarsa ga babba miligiram 400 ne a yini, sama da haka yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba, mai farfaɗiya kuwa ko ƙasa da haka na iya tayar masa. Sannan yana ƙara sinadarin serotonin a ƙwaƙwalwa, in ya haɗu da magungunan ciwon damuwa irin fulokzetin ko amitiriftilin sai sinadarin yayi yawa, mutum ya fara gumi da karkarwa da zazzaɓi mai zafi, zuciya na gudu, hankali ya rikice.

Kodin kuma sai hanta ta mayar dashi mofin kafin yayi aiki, kuma ba kowa hantarsa ke yin haka da gudu ɗaya ba, abin gado ne. Wasu kusan ba ya musu komai, wasu kuma nan da nan jininsu ke cika da mofin, kaga kenan abinda aboki ya sha ya tashi lafiya zai iya kwantar da wani har abada. Wannan na cikin dalilan da yasa aka hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 12 da mata masu shayarwa. Wani tarkon shine ƙwayoyin kodin da yawa a haɗe suke da farasitamol, wanda iyakarsa giram 4 ne a yini ga babba. In ya wuce yana ƙona hanta a ɓoye, ranar farko mutum zai ji kamar ba komai sai bayan kwana biyu ko uku ido yayi rawaya. Makarinsa asetilsistin yafi aiki cikin awa 8 na farko, dan haka ba'a jiran alama.

Hanta ce kuma ke sa maganin da ba ruwansa da maye ya zama haɗari. Kilaritoromaisin mai kashe ƙwayoyin cuta da ritonabir na masu cutar HIV suna rage saurin fitar fentanil daga jiki sai ya taru, rifamfisin na tarin fuka kuma yana saurin kore metadon.

Masu tayar da jiki suma basu tsira ba. Hodar iblis da giya in sun haɗu hanta na ƙera wani sinadari da ya fi daɗewa a jini yana wahalar da zuciya. Tunanin cewa mai tayarwa zai kashe ƙarfin mai kwantarwa kuskure ne babba, ɓoye alamar kawai yake, in mai tayarwar ya sake shi numfashi ya faɗi.

Sabon jiki da jabun ƙwaya

Jiki yana sabawa da ƙwaya har sai an ƙara yawa kafin a ji ta, amma wannan sabon da sauri yake gushewa. Wanda ya fito daga gidan yari, asibiti ko gidan gyaran hali, ko ya daina na ɗan lokaci dan kansa, in ya koma ya sha yadda ya saba a da jikin ba zai ɗauka ba, shi yasa makonni biyun farko bayan fitowa daga gidan yari suke da haɗari ƙwarai. Iyalai su san wannan, lokacin da ake murnar ya daina shine lokacin da yafi buƙatar a sa masa ido.

Sai jabu. Fentanil ya ninka mofin ƙarfi sau 50 zuwa 100, wajen miligiram 2 na iya kisa, kuma ana cusa shi a ƙwayoyin bogi masu kama da na gaske sak. Abinda aka rubuta a jikin ƙwayar bayan fage ba hujja bane.

Agajin gaggawa da magani

In mutum baya farkawa kuma numfashinsa ya ragu, a nemi motar asibiti ko a kai shi nan take, a tafi da kwalin abinda ya sha a kuma faɗa ma likita gaskiya, kunya ba wurinta bane nan. Kar a ɗura masa komai a baki, kar a sa shi amai, kar a watsa masa ruwan sanyi, zai iya shaƙewa. In yana numfashi a kwantar dashi ta gefe dan kar amai ya shiga huhu, in baya yi a hura masa iska, in zuciya ta tsaya a danna ƙirji.

Makarin dangin ofiyom shine nalokson, an amince dashi a Amurka tun 1971, yana cikin jerin magunguna masu muhimmanci na Hukumar Lafiya ta Duniya, ana yinsa allura ko feshi a hanci kuma cikin mintuna yake dawo da numfashi. Amma ƙarfinsa minti 30 zuwa 90 ne, ƙwayar na iya fin shi daɗewa mutum ya sake sumewa, dole dai a je asibiti. Baya karya giya ko diazefam, amma ana bada shi ko ba'a tabbatar me aka sha ba tunda baya cutar da wanda bai sha dangin ofiyom ba.

Kamuwa da ƙwaya ciwo ne mai magani. Metadon da bufurenofin a hannun likita suna rage haɗarin mutuwa da kusan rabi ga wanda dangin ofiyom suka kama. Wanda ya daɗe akan diazefam ko giya kuwa kar ya yanke rana ɗaya, yin hakan na kawo jijjiga mai iya kisa, a hankali likita ke rage masa, na diazefam yakan ɗauki makonni ko watanni.