Ma'anar "cire iskar kabon ta hanyar teku"

Duk wadda ta taɓa jefa kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami ta riga ta san rabin wannan zance. Iskar kabon da injina da masana'antu ke fitarwa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu nata teku ne ke shanyewa. Da ta shiga ruwa sai ta zama ɗan tsami, shi ya sa pH na saman teku, wato ma'aunin da ke sauka idan tsami ya ƙaru, ya sauka daga kusan 8.2 zuwa 8.1. Abin da "cire iskar kabon ta hanyar teku" ke nufi shi ne a taimaki teku da gangan ya ƙara sha, kuma ya riƙe abin da ya sha.

Hanyar da ta fi kama hankali ita ce a ba teku "kanwarsa": farar ƙasa da aka ƙona, ko garin wani koren dutse mai suna olibin. Garin yana juya kabon ɗin da ke cikin ruwa ya koma gishirin bayikabonet, wanda kan zauna shekaru dubbai, ruwan kuma ya sami gurbin jawo wata iskar daga sama. Amma akwai lauje cikin naɗi. Kafin a sami farar ƙasar sai an gasa dutsenta a zafi kusan digiri 900, kuma a kan kowane tan ɗaya na farar ƙasar da aka samu ana sakin kusan tan 0.8 na iskar kabon daga jikin dutsen kaɗai, ban da makamashi. In ba a kama wannan hayaƙin ba, an cinye yawancin ribar tun kafin a je bakin ruwa. In kuma aka zuba da yawa a wuri guda, sai ya dunƙule ya koma alli, ya sake sakin iskar. Olibin kuwa yana da jinkirin narkewa sai an niƙa shi lilis, ga ƙarfen nikel a cikinsa, wanda kan iya cutar da halittun ruwa.

Akwai kuma masu yi wa teku taki. Ana watsa sinadarin ƙarfe don ƙananan tsirrai masu kama da gansakuka su yi yawa, su ja kabon, su mutu su nutse da shi. A gwajin LOHAFEX da Indiya da Jamus suka yi a 2009, tsirran sun tsiro, amma ƙananan halittun ruwa suka cinye su, kaɗan ne ya kai ƙasa. Wanda ya ga yadda kacala ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja ba sai an gaya masa haɗarin tsiron da ya fi ƙarfin mai shi ba.

Babbar matsalar ita ce awo. Buhun gero ana ɗora shi a sikeli, amma ruwan da aka yi wa magani a nan, igiyar ruwa na iya nutsar da shi ƙasa kafin ya gama shan iskar, don haka yawancin alƙaluman da ake bayarwa lissafin kwamfuta ne.