Tsakanin doki da doka: gaskiyar maganar cacar sukuwa a Abuja

Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kan dokar caca, magana biyu ke yawo a majalisun Nyanya da Karu da Zuba, kowacce tana ƙaryata 'yar'uwarta. Wasu na cewa an haramta caca a ƙasar nan baki ɗaya, duk wanda aka kama da tikiti a aljihu sai ya yi shekara biyu a gidan yari. Wasu kuma na cewa ai kotu ta soke dokar, yanzu ba mai tambayar kowa. Ta ukun ce ta sa ni rubutun nan. A teburin mai shayi na ji wani magidanci yana kwantar wa ƙanensa hankali, shi kuwa ƙanen aiki yake a wani shagon bet: "Kai dai ka riƙa karɓar na doki. Cacar doki daban take, doka ta ware ta, addini ma ya ware ta." Yaron ya ce, "To, Yaya," ya ci gaba da shan shayinsa.

Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, shi ya sa ta fi sauran haɗari.

Mu fara da hukuncin. Ranar Juma'a 22 ga Nuwamba 2024, alƙalai bakwai na Kotun Ƙoli suka yanke hukunci a ƙarar da Jihar Legas ta shigar tun 2008, wadda wasu jihohi suka mara mata baya. Mai Shari'a Mohammed Idris ne ya gabatar da babban hukuncin. Kotu ba ta tsoma baki a kan kyawun caca ko muninta ba. Abin da aka tambaye ta shi ne wa ke da hurumin yi wa caca doka, tarayya ko jihohi. Ta ce tunda Tsarin Mulki bai sa caca a cikin abubuwan da Majalisar Tarayya ke yi wa doka ba, hurumin na jihohi ne. Saboda haka dokar caca ta ƙasa ta 2005 ta daina aiki a jihohi 36. Wuri ɗaya ta rage: Birnin Tarayya, domin a nan Majalisar Tarayya ce ke tsaye a matsayin majalisar jiha.

To ka ga mu mutanen Abuja mu ne na ƙarshe da za mu ce an soke doka. A kanmu kaɗai ta tsaya. Sai dai Abujar takarda da Abujar da muke kwana a cikinta ba ɗaya ba ce. Nyanya Birnin Tarayya ce, Mararaba kuwa Jihar Nasarawa, tsakaninsu tafiyar 'yan mintuna idan ba a haɗu da cunkoso ba. Zuba tamu ce, Madalla ta Jihar Neja, kuma Neja na cikin jihohi 12 da suka ɗauki shari'ar Musulunci bayan Zamfara ta buɗe hanya a 1999. Mutum ɗaya, wuni ɗaya, yana iya bi ta ƙarƙashin hukumomi uku. Lasisin tarayya da ke rataye a bangon shago a Nyanya, idan ka ɗauke shi ka rataya a Mararaba, ba shi zai kare mai shagon ba, sai abin da gwamnatin Nasarawa ta yarda da shi. A Kano kuwa tun kafin hukuncin ma, a Oktoba 2024, Hisbah ta rufe shagunan bet 30.

Yanzu ga sashen da ake yi wa gurguwar fahimta. Laifuffuka a Abuja ana hukunta su ne da Final Kod, kundin da Gwamnatin Jihar Arewa ta yi a 1959, ya fara aiki a 1960. Sashe na 205 ya ce duk wanda ya riƙe gida ko wani wuri da ake shigar da mutane domin caca, ko ya taimaka wajen gudanar da wurin, ana iya ɗaure shi har shekara biyu, ko a ci shi tara, ko a haɗa masa duka. Daga nan ne jita-jitar shekara biyu ta samo asali. Amma duba wanda sashen ya nuna da yatsa: mai riƙe da wurin, da mai taimaka masa. Kuma "har shekara biyu" iyaka ce ta sama, alƙali na iya yanke ƙasa da haka. Shagon da ke da lasisin hukumar da ke da hurumi a wurin yana da abin da zai nuna. Wanda bai da shi, sashen nan ne ke jiransa.

A ƙarshen sashen sai aka yi togaciya. Aka ce wannan hani bai shafi amfani da totaliseta ba, idan kulob ɗin sukuwa da gwamnati ta amince da shi ne ya yi, a taron sukuwa, da izinin hukuma. Wannan ita ce "doka ta ware doki" da ake faɗa. Ƙirga sharuɗɗan da kanka. Dole a ce kulob ne sananne ga gwamnati, dole a ce a filin ake ranar sukuwa, dole da izini, kuma dole ta hanyar totaliseta. Idan ɗaya ya faɗi, togaciyar ta faɗi. Ba ta san shago ba, ba ta san waya ba, ba ta san mutumin da ke zagayawa bayan 'yan kallo da littafi a hannu yana karɓar kuɗi ba.

Mene ne totaliseta? Tsari ne da wani ɗan kasuwa, Joseph Oller, ya ƙirƙiro a Faransa a shekarun 1860. Kuɗin kowa ake zubawa a tukunya ɗaya, kulob ya cire kasonsa, ragowar a raba wa waɗanda dokinsu ya zo na ɗaya, kowa gwargwadon abin da ya zuba. A ɗauka, misali kawai, an tara Naira 100,000, kulob ya cire 20,000. Idan waɗanda suka zaɓi dokin da ya ci sun zuba 20,000 a tsakaninsu, kowace naira ta zama huɗu. Idan kuwa kowa ya ruga kan doki ɗaya, ribar sai ta tsuke. Abin lura shi ne kulob ba ruwansa da dokin da ya ci, kasonsa ɗaya ne ko fari ne ya zo ko akawal. A shago ba haka ba ne. Can kamfani ne ke yanka farashi tun kafin a tashi, da shi kake karawa, faɗuwarka ita ce cin abincinsa.

Wannan bambanci na fili da wajen fili daga Ingila muka gaje shi. A can an hana gidajen caca tun 1853, aka hana karɓar caca a kan titi a 1906, amma wanda ya je filin sukuwa da ƙafarsa yana zuba kuɗi ba mai ce masa uffan. Sai a watan Mayu na 1961 aka yarda a buɗe shagunan bet. Wato sama da shekara ɗari mai halin sayen tikitin shiga fili yana cikin halas, lebura kuwa da ke miƙa wa ɗan aike sulalla a lungu yana cikin laifi. Da Turawa suka zo nan suka kafa filayen sukuwa, irin na Kano da na Legas, inda aka ɗaga tutar 'yancin kai a 1960 kafin ya koma Dandalin Tafawa Balewa, sai suka taho da togaciyarsu. Ni dai abin da ya fi ba ni dariya, mai ciwo, yana cikin kundin laifuffuka na Kudu. Sashe na 236 da ya lissafa wasannin da aka haramta, har sunan caca ya kama da rubutun Turawa: "chacha", da sauran wasannin wuri, wato kuɗin wuri na da. Sashe na 239 kuma ya buɗe wa kulob ɗin sukuwa ƙofa. Wurin talaka laifi, dokin Joji nishaɗi. Kowa ya yi wa kansa hisabi a kan adalcin wannan.

Duk da haka, ba zan ce masu dokar ba su da hujja ko kaɗan ba. Halin mai zuba kuɗi yana sauyawa da inda yake tsaye, kuma duk wanda ya taɓa zuwa sukuwa ya kuma leƙa shago zai shaida.

Mutumin fili yana ganin dokin da idonsa. Yana kallon yadda aka zagaya da shi kafin a tashi, ko yana ɗingishi, ko gumi ya jiƙe shi tun ba a fara ba, ya san mahayin, wataƙila ma ya san bargar da aka fito da shi. Tsere ɗaya yake zuba wa kuɗi, ya jira a gama, a share fili, a fito da wasu. Tsakanin tsere da tsere akwai lokacin da zuciya za ta huce. Kuɗin da ya zo da su a aljihu su ne iyakarsa, ga idon jama'a, ga magariba da za ta tashi taro. Sukuwa kuma ba kullum ake yin ta ba.

Mutumin shago allo yake kallo. Dawakin Ingila ne ko na Afirka ta Kudu, bai taɓa jin sunansu ba kafin yau, lamba da farashi kawai yake bi. Kuɗinsa kaɗan ne, burinsa babba, don haka ba ya tsayawa kan tsere ɗaya, sai ya jera biyar ko goma a tikiti guda, yana neman Naira 200 ta haifi dubbai. Lissafin ba ya buƙatar boko mai zurfi. Idan a kowane tsere damar dokinka ɗaya ce cikin uku, damar biyar su ci a jere ɗaya ce cikin 243. Kuma ribar kamfani tana hawa kan kanta: in a ce a tsere ɗaya kwabo 90 ke komowa daga kowace naira, a tikitin tsere biyar abin da ke komowa bai kai kwabo 60 ba. Shi ya sa kullum labarin ɗaya ne, "wasa ɗaya ne ya yanke min tikiti".

Akwai ma wanda ya fi wannan. Yawancin dawakin da ke gudu a allon shagunan unguwa ba dawaki ba ne. Zanen kwamfuta ne, na'ura ce ke fitar da wanda ya ci, bayan 'yan mintuna a sake sabon tsere, daga safe har a rufe shago. Babu barga, babu mahayi, babu wani sanin doki da zai amfane ka. Wanda ya ce togaciyar sashe na 205 ta rufe wannan, ya nuna mana kulob ɗin, ya nuna mana filin.

Mai waya kuma shi ko rufe shago bai sani ba. Yana kwance a ɗakinsa a Masaka da ƙarfe biyun dare, kamfanin na Legas, dokin na Ingila. A nan ne aka yi ta ja-in-ja. A 2025 'yan Majalisar Tarayya sun sake ɗauko wani ƙudiri da hujjar cewa cacar intanet tana tsallake iyakokin jihohi, Legas da wasu jihohi suka ce wannan zagaye hukuncin kotu ne kawai. Rigimar tasu a kan wa zai ba da lasisi ce da wa zai karɓi haraji. Ban ji wanda ya ɗaga murya a kan albashin da ke ƙarewa ran biyar ga wata ba.

Saura ɓangaren addini, tunda shi ma an jawo shi cikin maganar. Gaskiya ne akwai hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, wanda ya yarda a sa lada a gasar harbi da tseren raƙuma da na dawaki. Amma malamai sun yi bayani cewa ladan na masu fafatawa ne, kamar yadda sarki ko wani attajiri ke sa kyauta ga dokin da ya zo na ɗaya. 'Yan kallo su haɗa kuɗi a kan dokin wani, wanda ya dace ya kwashe na sauran, wannan shi ne maisir ɗin da aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta hana. Lasisin gwamnati ba ya sauya wannan hukuncin, haka nan fatawa ba ta sauya sashe na 205. Malaminka ya fi ni sanin wannan fagen, je ka tambaye shi.

Yara kuwa maganarsu gajera ce. Dokar 2005, wadda ke nan daram a Abuja, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba tikiti, kuma mai sayarwar ne ke ɗaukar laifin. Duk wanda ya bi ta gaban shagunan nan bayan an tashi makaranta ya san yadda ake bin wannan.

Na koma kan yaron teburin mai shayi, don shi ne ya fi kowa zama a bakin rami. Mai shagon wataƙila yana Wuse ko ma wata jihar, ba ya zuwa sai ƙarshen mako ya karɓi ciniki. Masu buga tikiti, in mota ta tsaya a ƙofa, kowa zai kama gabansa. Wanda za a tarar a bayan kwamfuta da kuɗi a aljihun tebur shi ne yaron, kuma kalmar "wanda ya taimaka wajen gudanar da wurin" da shi take. Kafin ya sake karɓar ko sisi, na doki ne ko na ƙwallo, ya tambayi maigidansa lasisin shagon, ya karanta sunan hukumar da ta bayar da ranar da zai ƙare, sannan ya tabbatar ko shagon a Nyanya yake ko ya riga ya tsallaka Mararaba.