Daga aji zuwa wurin baje koli: tambayoyi kan na'urorin da ƙungiyoyin ɗaliban robot ke haɗa wa jama'a

Mene ne bambancin robot ɗin gasa da na'urar baje koli?

Robot ɗin gasa yana aiki ne na 'yan mintuna, masu shi na tsaye a kansa, sukudireba a hannu. Na'urar baje koli kuwa wuni za ta yi a zauren makaranta, yara na latsa ta, suna jan waya, wani ya danna maɓalli sau ashirin a jere don ya ga me zai faru. Saboda haka ƙwari ake nema kafin burgewa. Abu na biyu, ta koyar da abu ɗaya tak. In sai ɗalibi ya yi jawabin minti biyar kafin a gane ta, to da sauran aiki.

Da wace na'ura ya kamata a fara?

Ma'aunin tsayi mai aiki da sauti. Kayansa kaɗan ne: allon Arduino Uno (ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa na'urar), sensa HC-SR04 mai auna nisa da sauti, ƙaramin sikirin LCD mai layi 2 da gurbin harafi 16, da firam na katako kamar na ƙofa. Kafinta a 'Yan Katako na Na'ibawa, a Kano, zai haɗa shi cikin sauƙi. A ɗaure sensar a sama tana kallon ƙasa, santimita 200 daidai daga daɓe. Tana harba sauti mai kilohaz 40, wanda kunnen mutum ba ya ji, ta jira amsa-kuwwarsa. Arduino ya ƙirga lokacin da maikirosakan, a raba da 58, a sami nisa da santimita, a cire shi daga 200. Abin da ya rage shi ne tsayin yaron.

Daɗinta shi ne kowa na son sanin tsayinsa, layi zai kafu da kansa, kuma daga nan ɗalibi ya samu ƙofar yin bayanin yadda jemage ke gane hanya cikin duhu.

Me ya sa ma'aunin ke ba da lamba daidai da safe, da rana ya ƙara wa mutum tsayi?

Zafi ne. Lambar 58 ɗin nan an fitar da ita ne bisa gudun sauti na mita 343 a sakan, wato a iska mai digiri 20. A Kano, watan Afrilu, zafi kan kai digiri 40, sauti kuwa a wannan yanayi yana gudun kusan mita 355. Amsa-kuwwa ta dawo da wuri, na'ura ta ɗauka kan yaron ya fi kusa. Yaro mai santimita 120 sai a ba shi fiye da 122. Maganin shi ne a ƙara sensar zafi irin DHT22, a lissafa gudun sautin kai-tsaye: 331 a tara da 0.6 sau digirin zafi. Mu a ganinmu ma kada a ɓoye wannan, a rubuta shi a kwali kusa da na'urar, domin shi ne ainihin kimiyyar.

Akwai wata matsalar da ba ta zafi ba. Gashi, hula da hijabi suna shanye sauti, sai lamba ta riƙa tsalle. A rataye ɗan faffaɗan kwali mai tauri da zare, mai auna tsayi ya ɗora a kansa, sannan a rage kaurin kwalin cikin lissafi. A manhaja kuma a ɗauki awo biyar, tazarar milisakan 60 tsakaninsu, a zaɓi na tsakiya.

Da zarar moto ya motsa sai Arduino ya mutu ya sake tashi. Ina matsalar?

Wannan ita ce ta fi yawa, musamman a na'urori masu motsi, irin su faranti mai juyawa yana bin hasken rana da kuma hannun robot. Ƙaramin servo SG90, wato moto mai juyawa zuwa kusurwar da aka umarce shi, in ya ci karo da nauyi yana iya jan fiye da miliamfa 500, abin da kebul ɗin USB na kwamfuta ke bayarwa ke nan gaba ɗaya. Wuta ta faɗi, allo ya sake farawa. A ba moto wutarsa daban ta bolt 5, amma a haɗa wayar ƙasa, wato GND, ta moton da ta Arduino wuri ɗaya. In an manta wannan haɗin, servo zai riƙa karkarwa kamar mai zazzaɓi. A sa kafasita mai maikirofarad 470 zuwa 1,000 kusa da moton. Kada kuma a taɓa jona moto kai-tsaye a ƙafar Arduino. Miliamfa 20 ne abin da ƙafa ɗaya ke ɗauka lafiya.

Faranti mai bin rana yana da tasa fitinar. Sensojin haske biyu ba sa taɓa ba da lamba ɗaya, sai servo ya yi ta waige dama da hagu ba hutu. A gaya masa kada ya motsa sai bambancin ya wuce 30 ko 40 cikin 1023, wato lamba mafi girma da Arduino ke karantawa daga sensa.

Wane batir za a dogara da shi in an ɗauke wuta?

A ɗauka ma tun farko ba wutar. Batir mai kusurwa huɗu na bolt 9 bai dace ba, ba ya iya jan moto kuma nan da nan yake ƙarewa. Ma'aunin tsayi bai wuce miliamfa 100 yake ci ba, fawa-banki mai kyau zai riƙe shi wuni da rara. Sai dai wasu fawa-bankin suna kashe kansu in abin da ake ja ya yi kaɗan, don haka a gwada na awa biyu tun a makaranta. Masu sayen batir 18650, wato batirin lithium mai caji, a kasuwa su yi hattara da wanda aka rubuta wa 9,900 mAh; na gaskiya bai cika wuce 3,500 ba. A sa shi cikin gidansa mai kariya, nesa da hannun yara da rana.

Ta yi aiki a aji, an kai ta wurin taro ta ƙi. Me ya faru a hanya?

Galibi allon gwaji mai ramuka ne. Wayoyinsa soke su kawai ake yi, girgizar adaidaita sahu daga Gwale zuwa Tarauni ta isa ta zare biyu. Da an tabbatar da haɗi, a mayar da shi kan allon da ake liƙawa da dalma, a ɗaure wayoyi a jikin katako yadda ko an ja su ƙarfin ba zai kai wurin liƙin ba. Masu gyaran waya na kasuwar Farm Centre gwanaye ne a dalma, kuma ba laifi ɗalibai su je su koyi hannu. Gam mai zafi yana saki in na'ura ta zauna cikin mota a rana, noti ya fi shi. Lokacin hunturu kuma ƙura kan cika idon sensa, a tafi da burushi mai laushi.

Yaya za a tsara ɗaliban ranar baje koli?

Biyu a kowace na'ura, ana canji duk bayan minti 45. Ɗaya na magana, ɗaya na lura da layi. A rubuta umarni da Hausa, layi ɗaya manya-manya: "Tsaya nan, ɗora kwali a kanka." Maimakon karanto bayani, ɗalibi ya fara da tambaya: "Ƙanena, ba tef, ba ruwla, ta yaya ta san tsayinka?" A ajiye sensa ɗaya, servo ɗaya da Arduino ɗaya da aka riga aka loda wa manhajar a jaka, yadda in abu ya ƙone za a musanya cikin minti biyar.