Wai Turawan Sifen ne suka koya wa 'yan Filifin rubutu?

Duk watan Oktoba 'yan Filifin mazauna Amurka sukan yi bukukuwan tarihinsu, a baje littattafai da zane-zane, a wasu wuraren har a zaunar da yara a koya musu wani tsohon rubutu da ake kira baybayin, to amma har yau akwai masu ɗauka cewa sai da Magellan, jagoran jiragen ruwan Sifen, ya iso Filifin a 1521 sannan mutanen nan suka san alƙalami. Gaskiya ba haka ba ne.

A ƙarshen shekarun 1980 an tono wani farantin tagulla a yankin Laguna na Filifin mai ɗauke da kwanan wata na shekarar 900, kuma abin da ke jiki takardar yafe bashi ce, ka ga kenan har shari'a da ciniki a rubuce suke yi. Shi baybayin ɗin harafi 17 ne, a jikin gora da ganye ake rubuta shi, shi ya sa mafi yawa suka ruɓe ba su iso mu ba. Su kansu malaman cocin Sifen da suka buga littafin koyar da addininsu a Manila a 1593, sai da suka sa baybayin a ciki don mutane su iya karantawa.

A kudu kuwa musulmin Sulu da haruffan Larabci suke rubuta harshensu, kamar dai ajaminmu. Kuma 'yan ƙabilar Mangyan na tsibirin Mindoro har gobe suna sassaƙa waƙoƙinsu a jikin gora da nasu rubutun na gado.