Dokar dala 10,000: abin da matafiyi zai sani kafin ya sayi kuɗin waje

Matafiya da yawa sun ɗauka doka ta hana mutum tsallaka iyaka da fiye da dala 10,000. Saboda haka idan mutum ya gama sayen kuɗin waje ya ga ya zarce wannan adadi, sai hankalinsa ya tashi, ya shiga neman inda zai cusa rarar: cikin safa, tsakanin tufafi, ko aljihun abokin tafiya. A Amurka da Tarayyar Turai da Birtaniya da Kanada da Ostireliya babu dokar da ta ƙayyade yawan tsabar kuɗin da za ka shiga ko ka fita da su. Abin da doka ta ce shi ne, idan kuɗin sun kai wani adadi, ka bayyana wa jami'an kwastam a rubuce. Bayyanawar kyauta ce, ba a biyan haraji a kanta. Abin da ke damu na a wannan lamari shi ne yadda mutumin da ya tara kuɗinsa ta halal yake jefa kansa cikin laifi saboda tsoron wata doka da bai fahimta ba.

Asalin dokar yaƙi ne da halasta kuɗin haram. Kuɗin da suka bi ta banki suna barin sawu, tsabar kuɗi kuwa ba sa bari, shi ya sa masu fataucin miyagun ƙwayoyi da masu ɗaukar nauyin ta'addanci suke son jakunkuna. Amurka ta sa sharaɗin bayyanawa a dokarta ta bankuna ta 1970. A 1989 ƙasashe bakwai masu ƙarfin tattalin arziki, wato G7, suka kafa FATF, hukumar yaƙi da halasta kuɗin haram, a birnin Paris, a 2004 hukumar ta fitar da shawara ta musamman kan masu dakon kuɗi, wadda tun 2012 ake kira Shawara ta 32. Ta bukaci kowace ƙasa ta sa tsarin bayyana kuɗi a iyakokinta, kuma kada adadin ya wuce dala ko yuro 15,000. Kowace ƙasa sai ta zaɓi nata adadin, da nata kuɗin. Nan ne batun farashin canji ya shigo, kuma nan ne mutane suka fi faɗawa rami.

Adadin 10,000 da ake ta faɗa ba ɗaya ba ne a ko'ina. A Amurka fiye da dala 10,000 ne. A Tarayyar Turai yuro 10,000 ko sama da haka. A Birtaniya fam 10,000. A Kanada dalar Kanada 10,000, a Ostireliya ma dalarsu. Jami'in da ya tsayar da kai ba ruwansa da irin kuɗin da ka riƙe. Zai juya su zuwa kuɗin ƙasarsa bisa farashin canjin da hukumarsa ke aiki da shi a lokacin, ba farashin da ɗan canji ya ba ka ranar da ka saya ba. A 'yan shekarun nan dalar Amurka ɗaya galibi tana tashi kan wajen dalar Kanada 1.3 zuwa 1.4. Ke nan mai dalar Amurka 8,000 zai shiga Amurka ba tare da cike fom ba, amma idan Kanada ya nufa ya riga ya haura layi.

Farashin kuma ba ya zama wuri ɗaya. Ɗauki mai dala 9,800 da zai sauka a Faransa. Idan yuro ɗaya yana kan dala 1.10, kuɗinsa kusan yuro 8,900 ne, ba shi da matsala. Amma a watan Satumba na 2022 yuro ya faɗi har kusan dala 0.96. A wannan farashi dala 9,800 ɗin sun haura yuro 10,200. Kuɗi ɗaya, mutum ɗaya, filin jirgi ɗaya, amma hukunci ya bambanta. Don haka ni a ganina duk wanda kuɗinsa suka kusanto layin, ko da bai kai ba a lissafinsa, ya je ya bayyana. Mai bayyana abin da bai kai adadi ba minti kaɗan ya ɓata. Wanda ya yi kuskure ta ɗaya ɓangaren kuwa kuɗinsa ne za su kwana a hannun kwastam.

Ana kuma tara komai wuri ɗaya. Dala a jaka, yuro a walat, ragowar kuɗin ƙasarka da ka manta a aljihu, duk za a juya su a haɗa. Kalmar "tsabar kuɗi" ma ta fi faɗin yadda muke ɗaukarta. Ta haɗa da cakin matafiya, wato takardar banki da matafiyi ke saya ya mayar da ita kuɗi a inda ya je, da duk wata takardar kuɗi da mai riƙe da ita zai iya karɓa ba tare da an tambayi sunansa ba. Sabuwar dokar Tarayyar Turai mai lamba 2018/1672, wadda ta fara aiki ranar 3 ga Yuni 2021, ta ƙara zinare a ciki: sulallan da zinarensu ya kai kashi 90 cikin 100, da sanduna ko curin da ya kai kashi 99.5. Ta kuma ba jami'ai ikon neman bayani kan kuɗin da aka aika ta gidan waya ko cikin kaya, mai aikawa ko mai karɓa yana da kwana 30 ya bayar. Kuɗin da ke asusunka na banki, waɗanda kake cira da katinka, ba sa cikin wannan lissafi.

Sai dabarar rabawa. Miji ya riƙe 9,000, mata ta riƙe 9,000, a ce kowa bai kai ba. A Birtaniya iyali ko tawagar da ke tafiya tare jimlar kuɗinsu ake dubawa. A Amurka ma iyalin da suka cike takardar kwastam ɗaya jimla ake yi musu, kuma raba kuɗi da gangan don kauce wa bayyanawa laifi ne mai zaman kansa. A Tarayyar Turai wajibin yana kan kowane mutum ne shi kaɗai, amma fom ɗin yana tambayar wane ne mai kuɗin, don haka wanda ya karɓi saƙon wani ya sa a jakarsa shi zai amsa tambayoyi. Ka yi tunani sau biyu kafin ka karɓi ambulan a filin jirgi don kunya.

Masu yada zango ma ba su tsira ba. A 2017 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci kan wani mutum da ya taso daga Jamhuriyar Benin zai je Labanon, ya tsaya canza jirgi a filin Charles de Gaulle na Paris da fiye da dala miliyan 1.6. Hujjarsa ita ce bai shiga Faransa ba, yana sashen masu wucewa ne kawai. Kotu ta ce wannan sashe yana cikin ƙasar, wajibin bayyanawa ya hau kansa. Idan tikitinka ya bi ta ƙasashe uku, dokoki uku ne a kanka: ta inda ka tashi, ta inda ka tsaya, da ta inda za ka sauka.

Me ke faruwa da wanda bai bayyana ba? Shari'ar da ta fi fito da abin fili ita ce ta Hosep Bajakajian. A watan Yuni na 1994 yana shirin tashi daga Los Anjelis da iyalinsa zuwa tsibirin Saifuras, karnukan kwastam suka sunsuno kuɗi a kayansu. Da aka tambaye shi ya ce yana da dala 8,000, matarsa tana da 7,000. Da aka caje sai aka sami dala 357,144. Alƙali ya tabbatar kuɗin ba su da alaƙa da wani laifi, bashi na halal zai je ya biya. Duk da haka gwamnati ta nemi ƙwace su gaba ɗaya. Sai a 1998 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai biyar kan huɗu, ta ce ƙwace duka ya wuce kima. Aka tsaya kan hukuncin farko: ya rasa dala 15,000, ya biya tarar 5,000, da shekara uku ana sa masa ido. Shekara huɗu ya yi yana shari'a a kan kuɗin da takarda guda ta isa ta wuce da su. Kada kuma wani ya dogara da wannan nasara, domin a 2001 majalisar Amurka ta mai da ɓoye tsabar kuɗi don tsallaka iyaka laifi na daban, mai ɗaurin da zai kai shekara biyar da ƙwace kuɗin.

A Turai kowace ƙasa ce ke yanke tararta. Hangari ta taɓa cin tarar kashi 60 cikin 100 na kuɗin da ba a bayyana ba, har sai da Kotun Tarayyar ta ce a 2015 wannan ya yi yawa. A Birtaniya tarar tana iya kaiwa fam 5,000, ban da riƙe kuɗin.

Bayyanawa ba ita ce ƙarshen magana ba. Fom ɗin Tarayyar Turai yana tambayar daga ina kuɗin suka fito, me za a yi da su, wa za a ba, ta wace hanya kake tafiya. Idan jami'ai suka ga alamar laifi suna da ikon riƙe kuɗi har kwana 30, su tsawaita zuwa 90, ko da kuɗin ba su kai yuro 10,000 ba. Wannan ya sa shirin tsallaka iyaka yake farawa tun a wurin sayen kuɗin. Wanda ya saya a banki ko wurin 'yan canji masu lasisi yana da rasit mai ɗauke da sunansa da kwanan wata da farashi. Wanda ya bi ta bayan fage don ya sami sauƙi kaɗan a farashi zai tsaya gaban jami'i da bakinsa kawai. Sauƙin da ya samu bai kai darajar wannan takarda ba. Haɗa rasit ɗin da bayanan asusun da ka ciro kuɗin, da takardar makaranta ko ta asibiti ko ta odar kaya idan dalilin tafiyar ke nan, ka riƙe su a jakar hannu.

Akwai ƙasashen da layinsu ya fi ƙasa, da waɗanda suke da haramci na gaske. Sin tana neman a bayyana kuɗin waje da suka wuce dala 5,000, kuma ba ta yarda a shiga ko a fita da fiye da yuwan 20,000 na kuɗinta ba. Indiya tana neman fom idan takardun kuɗin waje sun wuce dala 5,000, ko jimlarsu da cakin matafiya ta wuce 10,000. Tunisiya ta hana fita da dinarinta, sai ka mayar kafin ka tashi, kuma a nan ma rasit ɗin canjin farko ake nema. Ƙasashen da ke fama da ƙarancin kuɗin waje sukan ƙayyade abin da ɗan ƙasa zai saya don tafiya, sukan kuma sauya ƙa'idar a kai a kai, don haka shafin intanet na kwastam da na babban bankin ƙasar su ne wurin dubawa a makon tafiya.

Cike fom ɗin ba shi da wuya. Na Amurka shi ne FinCEN 105, ana iya cike shi ta intanet. Birtaniya tana karɓa ta intanet daga sa'o'i 72 kafin tafiya. A filayen jirgin Turai ƙofa mai alamar ja za ka bi lokacin shiga, lokacin fita kuwa kai za ka nemi ofishin kwastam da kanka tun kafin a kira jirgi, don haka ka isa da wuri. Ƙirga kuɗin a masaukinka, ka rubuta adadin daidai har da canjin aljihu, domin a dokar Turai bayanin da ba daidai ba ko wanda bai cika ba daidai yake da rashin bayyanawa. Idan an gama, ka nemi kwafinka mai hatimi, dokar ta ba ka wannan haƙƙi, kuma za ka iya bukatarsa a iyaka ta gaba ko a bankin da za ka zuba kuɗin.